Lafiya Uwar Jiki: In Al'adar Yarinya Ta Rikice

A wannan wata filin lafiya ya ɗauko magana mai nauyin baki. Maganar jinin al'ada ce, wanda malamai ke ce ma haila, mata kuma su ce wanki ko fashin salla. Kunya ta sa ba a faɗinta a fili. Amma rashin faɗinta ya kashe aure da yawa, ya cinye awaki da tumaki, ya kuma bar waɗansu ƴan mata da ciwon da ba su da shi da fari. Saboda haka maza da mata duka su karanta. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.

Abin da ya samu wata amarya

Ga misali irin wanda ake gani cikin ƙauyuka da yawa. Wata yarinya ce mai shekara 15. An yi mata aure bayan kaka, aka kai ta gidan miji. Lokacin nan shekararta guda ke nan da fara ganin al'ada. Wata biyu suka wuce ba ta ga jini ba. Uwar miji ta lura amarya ba ta fashin salla, ta yi murna, ta ce jika na tafe. Cikin wata na uku sai jini ya zo da yawa, ya yi kwana 9. Gida ya rikice. Aka ce ciki ya zube. Wata ta ce baki ne, wata ta ce iska ce ta taɓa ta a bakin rijiya. Aka sai da akuya aka kai ma boka kuɗin. Ya ba da turare da jiƙo da kanwa.

Damina ta sauka, rumbu ya yi ƙasa. Yarinya tana daka, tana ɗiban ruwa, tana kai fura gona, tana noma. Ta rame. Al'ada ta sake ɗaukewa, wata uku cur. Wannan karo aka ce ciki ne ya kwanta. Wata tsohuwa ta ce a'a, gishiri ne ya tare hanya, a kira wanzami ya yanka. Uwar miji kuwa ta fara ce ma ɗanta, in dai yarinyar nan ba ta haihuwa, gara ta koma gidansu tun da wuri.

Ungozomar garin, wadda ta samu horo a likita, ta ji labari. Ta zo ta samu uwar miji, ta ce: "Yaya, don Allah kada a sa ma yarinyar nan aska. A ba ni ita ranar kasuwa mu tafi likita tare da ke. In ba a ga komi ba, ai ba a yi asarar komi ba sai tafiya."

A likita malamar awo ta tambaye ta: "Ƙanwata, yaushe kika ga jini na ƙarshe?" Ta ce: "Tun kafin shuka, Malama." "Ran nawa ga wata?" Yarinya ta sunkuyar da kai. Uwar miji ba ta sani ba, ungozoma ba ta sani ba. Malama ta auna fitsarinta, ta ɗora ta bisa sikeli, ta ja fatar idonta ta ga cikin ya yi fari. Sannan ta ce: "Inna, ba ciki a jikin yarinyar nan, a tsaye ko a kwance. Abin da ke akwai ƙuruciya ce da yunwa da ƙarancin jini. Wancan jini mai yawa ma, mai yiwuwa al'ada ce ta yi jinkiri ta zo a tare." Ta ba ta ƙwayoyin ƙarin jini na wata 3. Ta ce a dinga rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke.

Mi ke kawo al'ada?

Mahaifar mace kamar gona take. Kowane wata jiki yana gyara ta, yana yi mata shimfiɗa mai laushi daga ciki, don in ciki ya shiga ya samu wurin kamawa. A gefen mahaifa, dama da hagu, akwai jakunkunan ƙwai guda 2, kowace ba ta kai girman dabino ba. Kowane wata ƙwai guda yana nuna ya fito. In bai gamu da maniyyin namiji ba, shimfiɗar ba ta da sauran aiki. Sai ta saɓule ta fito tare da jini. Wannan ita ce al'ada.

Wa ke ba da umurnin wannan aiki? A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan nama mai girman ƙwayar wake. Shi ne kamar sarki. Yana aika saƙo zuwa ga jakunkunan ƙwai, su kuma su aika saƙo zuwa ga mahaifa, su kuma mai da amsa sama. Ƴan aiken nan waɗansu ruwaye ne ƴan kaɗan da ke tafiya cikin jini. Likitoci suna ce musu ormon. In ƴan aike sun tafi bisa lokaci, al'ada ta zo bisa lokaci. In wani ya makara, ko ya yi yawa, ko ya yi kaɗan, sai ƙwai ya ƙi fita, al'ada ta rikice.

Abin da ke daidai

Yawancin ƴan mata suna fara al'ada tsakanin shekara 10 da 15. Wadda ba ta samun abinci isasshe takan fi jinkiri.

Ana ƙirga daga ranar farko ta jini zuwa ranar farko ta jini mai biyo shi. Ga babbar mace, tsakanin nan yakan zama kwana 21 zuwa 35. Ga yarinyar da ta fara, yakan kai kwana 45. Jinin kansa yakan yi kwana 2 zuwa 7. Ba dole ba ne ya bi tsayuwar wata. Wata mace tana da kwana 26, wata tana da 33, kuma duka lafiyarsu lau.

Abu mafi girma da ya kamata iyaye da mazaje su riƙe shi ne wannan: cikin shekara 2 ko 3 na farko, al'ada ba ta cika daidaita ba. Tana zuwa, ta tsallake wata, ta dawo. Ƴan aiken jiki ne ba su saba da hanya ba tukuna. Ƙidayar da aka yi a Nijar a shekarar 2012 ta nuna mata 76 cikin 100 an yi musu aure kafin su cika shekara 18. Ke nan amare da yawa suna shiga gidan miji tun al'adarsu ba ta zauna ba. Sai a tsare su da ƙirgar wata ana jiran ciki, alhali jikin ne bai gama ginuwa ba.

Abubuwan da ke rikita al'ada

Na ɗaya, ciki. Mace mai miji in ta yi ɓatan wata, shi ake fara dubawa. Awon fitsari yana nuna shi cikin ƴan mintoci. Cikin ɗan Adam wata 9 yake yi. In an ce ciki ya kwanta, a tafi a auna. A manyan likitoci akwai na'urar da ake ce ma eko, tana nuna abin da ke cikin mahaifa kamar hoto.

Na biyu, shayarwa. Ruwan da ke sa nono ya kawo, shi ne kuma yake tsai da al'ada. Mai goyo tana iya yin wata da yawa, har shekara ko fiye, ba ta gani ba. Wannan ba ciwo ba ne. Amma in nono yana fita ga wadda ba ta goyo, kuma al'adarta ta ɗauke, wannan na bukatar likita.

Na uku, yunwa da aiki mai nauyi. Makiyaya sun san wannan tun kaka da kakanni. Saniyar da ta rame da rani ba ta neman barbara sai ta ci ciyawa ta murmure. A shekarun fari, kamar 1973 da 1984, garke yakan rage haihuwa. Jikin mutum ma haka Allah ya yi shi. In abinci bai isa ba, jiki yakan dakatar da aikin haihuwa don ya tsare rai. Shi ya sa ƴan mata da yawa al'adarsu ke rikicewa tsakanin shuka da girbi, ta dawo da kaka.

Na huɗu, damuwa. Rasuwa, ko tsoro, ko baƙunta a gidan miji, ko zaman da ba a so, duka suna iya tsai da al'ada. Tun da umurni daga kai yake fitowa, abin da ya dami kai yana taɓa shi. Faɗa da gori suna ƙara abin ne kawai.

Na biyar, doguwar rashin lafiya, kamar tarin fuka, ko ciwon suga, ko zazzaɓin da ya daɗe ya ramar da mutum. Akwai kuma tsargiya, wadda ake ɗauka cikin ruwan tabki da gulbi da hanyoyin ban ruwa. Ga mace tana iya taɓa mahaifa, ta sa ɗigon jini tsakanin al'ada da al'ada. Tana da magani a likita.

Na shida, maƙoƙo. A gaban wuya akwai wani nama da shi ma yake aika saƙo cikin jini. In ya yi sanyin aiki, mace takan ji kasala da sanyi, fatarta ta bushe, al'ada ta rikice. In ya yi zafin aiki, takan rame, zuciya ta dinga bugawa, hannu na rawa. Rashin sinadarin yodi cikin abinci yana kumbura shi. Don haka a dinga sayen gishirin miya mai yodi, a aje shi a rufe.

Na bakwai, wata lalura ta jakunkunan ƙwai. Ƙwai suna fara girma da yawa, amma ba wanda ke nuna ya fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana samun mata 6 zuwa 13 cikin 100, kuma yawancinsu ba su san suna da ita ba. Alamunta su ne al'ada mai nisa, da gashi a haɓa ko a ƙirji, da ƙuraje a fuska, wani lokaci da ƙiba da baƙin wuya. Mai gashi a haɓa ba mayya ba ce, ba kuma mata-maza ba ce. Akwai maganin da ke daidaita al'adarta, akwai kuma wanda ke taimakon ƙwai ya fito in tana neman haihuwa. Da yawa cikinsu suna haihuwa.

Na takwas, maganin hutun haihuwa. Allurar wata 3 da ashanar da ake sa ma dantse sukan canza al'ada. Wata ta dinga ganin ɗigo, wata ta daina gani sam. Jinin ba taruwa yake yi a ciki ba. Shimfiɗar mahaifa ce ba ta yin kauri, saboda haka ba abin da zai fito. In abin ya dami mace, ta koma inda aka yi mata a duba.

Yaushe ake zuwa likita?

A kai yarinya likita in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ta cika shekara 15 ba ta taɓa ganin al'ada ba.
2. Ta yi wata 3 ba ta gani ba, kuma ba ciki ba goyo.
3. Jini yana wuce kwana 7.
4. Jini yana jiƙa ƙyalle cikin awa 1 ko 2, ko yana fita da guda-guda masu faɗin dala ashirin.
5. Al'ada tana dawowa kafin kwana 21.
6. Jini yana fita tsakanin al'ada, ko bayan saduwa da miji.
7. Ciwon mara yana hana ta tashi, ko akwai ruwa mai wari da zazzaɓi.
8. Cikin idonta da tafin hannunta sun yi fari, tana jin jiri da haki.

Akwai guda wanda ba ya jiran ranar kasuwa. In mace ta yi ɓatan wata, sannan ciwo mai tsanani ya kama ta a gefe guda na mara, tana jiri ko tana suma, a ɗauke ta nan take, ko da dare, ko bisa amalanke. Mai yiwuwa ciki ne ya zauna a wajen mahaifa ya fashe. Jini yana zuba ta ciki ba a gani. Wannan yana kisa cikin awoyi, amma aikin fiɗa yana ceton rai.

A fara da likitar da ke kusa. In abin ya fi ƙarfinta za a ba da takarda zuwa babbar likita. A Maraɗi da Damagaram da Tawa akwai gidajen kula da lafiyar uwa da yaro. A Yamai akwai matarniten Isaka Gazobi.

Abin da bai kamata a yi ba

Kada a yi yankan gishiri. Aska ba ta buɗe ma al'ada hanya, domin umurnin al'ada cikin jini yake. Mafitsara kuwa tana nan maƙale da wurin da ake yankan. In aska ta huda ta, yarinya ta samu yoyon fitsari. Wata kuma jini ya kwashe ta, wata ciwon da ke sandare jiki ya kama ta saboda dattin aska. Akwai ƴan mata kaɗan da ake haifa da tantani mai rufe hanya. Su suna jin ciwon mara kowane wata ba tare da jini ya fito ba. Wannan ƙaramin aiki ne ga lokotoro, ba na wanzami ba ne.

Kada a cusa kanwa ko gishiri ko saiwa cikin jiki. Suna ƙona nama, wurin ya warke da tabo, hanya ta tsuke, haihuwa ta zo da wuya.

Kada a sayi ƙwayar kawo al'ada ga masu yawo da magani cikin kasuwa. Sun sha rana, kuma mai saida su bai auna kowa ba. Ga ciwon mara, parasetamol da tsumma mai ɗumi bisa mara suna taimako. Asfirin kuwa yana ƙara zubar jini.

Kada a yanke ma budurwa hukunci. Yarinyar da ba ta da aure in ta tsallake wata, wasu iyaye sukan rufe ta da duka, maganar ta fita gari, sunanta ya ɓaci. Alhali yunwa ko ƙuruciya ko tsoro sun isa su kawo haka. Uwa ta jawo ɗiyarta ɗaki ta tambaye ta a hankali. Yarinyar da ke tsoron duka ɓoye ciwonta take yi.

Kada a saki mace don al'adarta ta rikice. Likitoci ba su maganar rashin haihuwa sai miji da mata sun shekara tare ba ciki. Ko a nan ma, su biyun ake aunawa, domin sau da yawa matsalar tana wajen namiji.

Abinci

Kusan rabin matan Nijar masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Kowane wata mace tana rage jini, dole ta samu abin mayarwa. Wake, da ganyen zogale, da rama, da yakuwa, da kuka, da gujiya, da hanta, da nama, da kifi, da fara, da ƙwai, duka suna gina jini da jiki. Yawancinsu suna nan a gona ko bayan gida. Shayi mai ƙarfi tare da abinci yana hana jiki amfana da sinadarin ƙarfe, a jinkirta shi. A cikin gidaje da yawa amarya ita ce ta farkon tashi, ita ce ta ƙarshen ci. Maigidan da ke son ɗiya ya fara duba akushin matarsa.

Ƙyallen al'ada kuma a wanke shi da sabulu, a shanya shi a rana ya bushe sosai. Wanda aka ɓoye ƙarƙashin katifa da danshi yana kawo ƙaiƙayi.

A ƙirga kwanaki

Nan ne karatun yaƙi da jahilci ke da rana. Likita ba ya iya sanin abin da ke faruwa in ba a gaya masa kwanaki ba. "Tun kafin shuka" ba amsa ba ce. A samu kaye da bik. A ja layi uku. Layi na fari, ranar da jini ya zo. Na biyu, ranar da ya ɗauke. Na uku, a rubuta "kaɗan" ko "daidai" ko "da yawa". A bi kwanakin watan sama ko na kalanda, amma a riƙe guda kada a gauraya.

Wadda ba ta fara rubutu ba tukuna, ta samu ƴar ƙwarya. Kowace safiya ta jefa abu guda: tsakuwa ranar jini, ƙwayar wake ranar tsarki. In jini ya sake zuwa, ta ƙulle na wancan zagaye cikin tsumma, ta fara sabo. Ta tafi da ƙulle-ƙullenta likita a ƙirga.

Ƙirgar nan ba baƙon abu ba ne ga musulmi. Littafin Ahalari da ake karantawa a zaure ya yi bayanin kwanakin haila. Ga wadda ta fara, iyakarta kwana 15. Ga wadda ta saba, in jini ya wuce kwanakinta tana ƙara 3, muddin ba a wuce 15 ba. Abin da ya zarce haka jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi salla. Salla da azumi da idda duka suna bukatar sanin kwanaki. Sai dai a lura: kwana 15 iyakar hukuncin salla ne. Wajen lafiya, jinin da ya wuce kwana 7 a kai shi likita.

Amaryar nan da aka fara da labarinta ba ta iya rubutu ba. Mijinta yana zuwa ajin yaƙi da jahilci da dare. Shi ya ja layukan a bayan kayensa. Da fari kunya ta hana ta faɗa masa, sai ta dinga aje tsakuwa bisa kayen, shi kuma ya rubuta ranar. Kaka ta yi, aka ci sabon hatsi da wake. Uwar miji ta rage mata daka. Bayan wata 6 suka koma likita da takarda. Malama ta ƙirga: kwana 44, sannan 38, sannan 36, sannan 33. Ta ce al'ada tana zama. Uwar miji ta tambaya: "To Malama, jikan fa?" Malama ta ce: "Inna, a bar ta ta ƙara shekaru, ƙugunta ya buɗe. Haihuwa kafin shekara 18 tana da hatsari ga uwa da ɗa." Tsohuwa ba ta ji daɗin amsar ba, amma ba ta sake zancen wanzami ba. Akuyar da aka sayar kuwa ba ta dawo ba.

A tattauna wannan magana a wurin karatu, maza a ajinsu, mata a nasu. Wanda ke da tambaya ya rubuto ma jarida, ba sai ya sa sunansa ba. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai. Allah ya ba da lafiya da damina mai albarka.